Jif Haibirid: Ribarta A Gosulo Take, Ba A Daji Ba

 Yau ba maganar goro zan yi ba, ko da yake goron zai riƙa leƙowa nan da can, domin ɗan Sabon Shagamu duk abin da zai faɗa sai ka ji ƙamshin ganyen fita a jikinsa. Maganar mota ce, irin jif ɗin nan mai haɗa fetur da lantarki da ake kira haibirid, wadda yanzu ta zama abin hira a majalisun mutanenmu daga nan Shagamu har Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan.

Mai karatu ya san inda abin ya samo asali. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura 1,000 a wurare da yawa. Alhazai masu jif mai silinda shida da takwas sai ga su suna lissafi da yatsu a gidan mai. Su kuwa dillalan mota kakarsu ta yanke saƙa. Motar da a da ake gudunta, ana cewa mai batir ce ba ta da makaniki, ita ce aka wanke aka fito da ita gaba. Abin da suke faɗa wa mai saye bai wuce abu biyu ba: “Alhaji, wannan ba ta shan mai, kuma jif ce, duk dajin da ka ga dama shiga da ita.”

To ni ra'ayina shi ne, rabin maganar nan gaskiya ce, rabin kuma ita ke cinye jarin mutane. Haibirid tana rage shan mai sosai, amma a cikin gari. Da zarar ka hau doguwar hanya ribar ta tsuke, in kuwa ka sauka daga kwalta ka shiga taɓo, to ka kai ta inda ba don shi aka ƙera ta ba. Ba jita-jita nake kawowa ba. Mahaifina yana da Toyota Highlander haibirid ƙirar 2008, 'yar Tokumbo, kuma tun da aka saye ta ni ne direbanta, ni ne mai kai ta gareji, ni ne kuma mai shan faɗa in lissafin gyara ya yi yawa.

Bari mu fara da yadda take aiki, don akwai ƙarairayi da yawa da ke yawo. Wasu na cewa sai an jona ta da wutar NEPA, wasu na cewa in ruwan sama ya taɓa ta za ta ja mutum. Duk ba haka ba ne. Irin tamu ba a yi mata caji a gida sam, fetur kawai ake zuba mata. Tana da injin fetur mai silinda shida, lita 3.3, sannan da injinan lantarki, da babban batir mai ƙarfin bolt 288 da ke kwance ƙarƙashin kujerun tsakiya. Duk sanda ka taka birki, maimakon ƙarfin gudun motar ya tafi a banza ya zama zafi a jikin birki, sai injin lantarki ya juye ya zama janareto, ya tara wutar a batir. In ka zo tashi, da wannan wutar motar za ta fara motsawa. In ka tsaya cik, injin fetur ya mutu da kansa, amma esi na ci gaba da sanyi don shi ma da lantarki yake aiki. Kamfanin Toyota ya fara sayar da irin wannan fasaha a Japan tun 1997 a cikin ƙaramar motar nan Prius, sai a 2005 ya sa ta cikin jif, wato Highlander da 'yar uwarta Lexus RX 400h. Kenan ba sabon abu ba ne, mu ne dai tsadar mai ta tura mu gare shi.

Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya gane inda ribar take. Motar tana cin riba ne daga tsayawa da tashi. Ka ɗauki mutumin da ke shiga Ikko kullum ta Kara da Dogon Gada zuwa Berger, ya yi awa biyu yana matsawa taku-taku. Jif ta fetur zalla duk tsawon awa biyun nan injinta na ruri yana ƙona mai ko da ba ta motsi. Tamu kuwa rabin lokacin shiru take kamar an kashe ta, har masu tallar gala da ruwan leda kan leƙo su ce oga motarka ta mutu, a tura? Wannan ne ya sa tun 2005 'yan tasin birnin New York suka fara rungumar irin waɗannan motoci, don aikinsu kenan, tsaya, tashi, tsaya, tashi. Amma a kan buɗaɗɗiyar hanya, inda za ka ɗora ƙafa a totur ka yi awa guda ba ka taɓa birki ba, daga ina batir zai samu wutar kyauta? Injin fetur ne ke jan komai, har da nauyin batirin da injinan lantarkin.

Ga alƙaluma don kada a ce son raina ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke fitar da alƙaluman shan man sababbin motoci, ta ba Highlander haibirid ta 2008 mil 27 a galan ɗaya cikin gari, mil 25 a babbar hanya. 'Yar uwarta ta fetur zalla mai silinda shida da ke ja da ƙafa huɗu ta samu 17 a gari, 23 a hanya. In ka mayar da shi lissafinmu, a tafiyar kilomita 100 cikin gari ta fetur za ta sha wajen lita 14, haibirid ba za ta kai lita 9 ba. Bambancin lita 5 kenan, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai fita kullum. Amma a babbar hanya bambancin bai cika lita ɗaya ba a kowace kilomita 100. Daga nan zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne. Kenan duk doguwar tafiyar nan, ta Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa har gida, abin da za ka tsira da shi wajen lita 8 ne kawai. Ko da lita na naira 1,000, dubu takwas kenan, kuɗin da za ka kashe a abinci da shingayen hanya kafin ka tsallake Neja. Kuma a tuna, waɗannan alƙaluman na sabuwar mota ne mai sabon batir.

Saboda haka tambayar farko ba “tana shan mai?” ba ce. Tambayar ita ce a ina motar za ta yi rayuwarta. Ɗan canjin da ke zirga-zirga tsakanin Agege da cikin Ikko, ko mai shago a Alaba da ke kai yara makaranta kullum, wallahi motar za ta biya shi. Amma mafi yawan iyayenmu fatake ba haka suke amfani da mota ba. A cikin Sabo da ƙafa suke yawo ko a kan babur, daga gida zuwa rumfa zuwa masallaci. Motar tana fita ne don abu biyu: shiga ƙauyuka neman kaya, da tafiya gida Arewa. Wato daidai wurare biyun da haibirid ba ta da abin nunawa.

Mu zo kan maganar daji, don nan ne abin ya fi ba ni haushi. Mu a Najeriya duk motar da ta ɗaga sama ta yi ƙirar akwati sai mu ce jif. Amma kama da wane ba ta wane. Hilux da Prado da Land Cruiser a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa aka ɗora su, suna da farfela da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, suna da giyar ƙarfi da direbobi ke kira ogzilari, wadda in ka saka ta mota za ta riƙa rarrafe tana tumbuke kanta daga laka. Highlander kuwa a kan ginin Camry aka yi ta. Camry ce aka ɗaga aka faɗaɗa. Ta haibirid ɗin ma ta ƙara da wani abu: in ka leƙa ƙarƙashinta ba za ka ga farfela ba sam. Tayoyin baya wani ƙaramin injin lantarki ne ke juya su, wanda ƙarfinsa bai kai doki 70 ba, kuma kwamfutar motar ce ke yanke shawarar lokacin da zai shigo. An yi shi ne don ƙanƙarar titunan Amurka, inda taya za ta ɗan zame na daƙiƙa biyu ya taimaka mata ta kama. Ba don ramin taɓon da Kabsta mai ɗauke da koko ta haƙa ba. Ogzilari babu. Ko giyar ribas ta gaske babu, injin lantarki ne ke juyawa da baya.

Na ga wannan da idona a wata hanyar ƙauye can ɓangaren Ondo, ƙarshen damina, mun je duba goro a hannun manoma. Muka faɗa wani wuri mai santsi, tayoyin gaba suka fara juyawa a banza. A motar da muka saba, direba zai ba ta wuta ta yi ta watsa laka har ta samu ƙasa mai tauri ta fice. Wannan kuwa da kwamfuta ta ji taya na sulɓewa sai ta rage wutar da kanta, don kare injinan lantarkin. Na taka totur har ƙasa, motar ta yi kamar ba da ita nake ba. Samarin ƙauyen ne suka zo da itatuwa da ganyen kwakwa suka tura mu, aka sallame su. Muna tsaye muna wanke ƙafa sai ga wata tsohuwar Hilux da ko fitila ba ta da ita, an yi mata lodi har sama, ta ratsa wurin ba ta ko tsaya ba. Tun daga ranar Baba ya yanke hukunci, in shiga daji ne a bar motar a bakin kwalta a hau babur.

Wani zai ce ai akwai haibirid ta daji ta gaske. Ƙwarai akwai. Land Cruiser 250, wato sabuwar Prado da ta fito a 2024, a kasuwar Amurka haibirid ce, kuma tana da shasi da farfela da ogzilari. Amma a irinta an sa lantarkin ne musamman don ƙara ƙarfin ja, ragin man kaɗan ne in ka kwatanta da irin tamu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Lexus LX 700h da aka bayyana a ƙarshen 2024. Da kamfanin ya tashi yin haibirid ɗin da za ta shiga daji da gaske, sai ya rufe batirinta cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, sannan ya mayar mata da kik da altaneta irin na motar gargajiya, don ko ɓangaren lantarkin ya samu matsala mutum ya iya tayar da ita ya dawo gida. Ka ga su da kansu sun san abin da ake tsoro. Jeep ma ya fito da Wrangler 4xe a 2021, ita kuma irin wadda ake jonawa da wuta ce, amma a 2023 da 2024 sai da kamfanin ya yi kiranyen dubbai saboda haɗarin batir ya kama da wuta, har aka ce masu ita su riƙa ajiye ta nesa da gini. Ko ba wannan ba, waɗannan motoci ne na masu ɗaruruwan miliyoyi. Abin da ake tallata wa mutanenmu a nan tsofaffin Highlander ne da RX da RAV4, kuma a kansu nake magana.

Tunda an ambaci tsufa, to ga babbar magana. Wanda ya sayi haibirid 'yar Tokumbo ba mota kawai ya saya ba, ya sayi ragowar kwanakin batir ne. A Amurka garantin da Toyota ke bayarwa a kan batirin irin waɗannan shekarun shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga ƙirar 2020 ya ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ba wai yana cika wa'adin yake mutuwa ba, da yawa suna zarce haka nesa. Amma ka lissafa, mota ƙirar 2006 ko 2008 in ba a taɓa canza mata ba batirinta ya haura shekara 15. Kuma ba ya mutuwa dare ɗaya, a hankali yake sanyi kamar batirin tsohuwar waya. Yana raguwa injin fetur na ƙara yawan tashi, ragin man da aka sayi motar dominsa yana zagwanyewa, mai ita bai ma sani ba. Ranar da fitila ta kama a dashbod kuwa, kuɗin batir da dala ake lissafa shi, ita kuma dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Babban makashin batirin nan zafi ne, mu kuwa shi muke da shi a wadace. Ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar cikin motar ce. Akwai 'yan tagogi a ƙasan kujerun tsakiya, fankoki na zuƙo iska ta nan su hura wa batir. Ma'ana in cikin mota ya yi zafi batir ma ya yi zafi. Mutanenmu kuwa da mai ya yi tsada dabarar farko da suka koya ita ce kashe esi a sauke gilashi. A wannan motar wannan tsimi ne mai tsada, ka tsira da naira ɗari ka dafa abin miliyoyi. Sannan ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin, in an buɗe za ka ga ta daskare kamar auduga. Sannan ga halinmu na lodi. Ɗan kasuwa bai yarda a ga fili a mota ba, ƙasan ƙafar fasinja ma sai an cusa buhu ko ƙullin kaya, daidai bakin tagogin nan. Na sha yin rigima da yaran rumfarmu a kan haka. Shi goro kuma da danshinsa yake tafiya, kwando na ɗigar ruwa a kan kafet, ƙarƙashin kafet ɗin kuwa wayoyi ne. Yanzu doka ce a gidanmu, goro ko na tsaraba ne but yake shiga, a kan leda.

Batirin tamu ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan tubala 30 ne aka jera aka haɗa. Kwamfutar motar tana auna su, in wani ya yi ƙasa da 'yan uwansa sai ta kunna fitila ta ajiye lamba, wadda masu na'urar duba mota suka fi sani ita ce P0A80. A nan ne kasuwa ta buɗe. Za a ce maka ba sai ka sayi batir duka ba, a ciro tubalin da ya mutu a sa wani na gwanjo. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba, kuma in mai gyaran ya san aikinsa ya daidaita cajinsu gaba ɗaya yakan ɗan ja lokaci. Amma sauran 29 ɗin sa'o'in wanda ya mutu ne, tare aka haife su, tare suka sha zafi. Bayan 'yan watanni wani zai bi. Abin da ya fi muni, ana iya goge lambar nan da na'ura cikin minti ɗaya, fitila ta ɗauke, kuma ba za ta dawo ba sai an yi tafiya. Mai saye ya zagaya layi ɗaya ya dawo ya ce lafiya lau, an yi cinikin biri a sama kenan. In za ka saya, ka zo da mai na'urarka, ba na dillali ba. Ku hau motar ku yi awa guda da rana tsaka, esi a kunne, ku shiga gosulo ku hau tudu. Ka sa ido a kan hoton batir da ke allon gaba. In yana cika fal cikin minti biyu kuma ya zube cikin minti biyu, ko ka ji fanka na kuka a ƙarƙashin kujera ba ƙaƙƙautawa, ka mayar da kuɗinka aljihu. Ka kuma sa a bincika lambar shasi a intanet, don cikin motocin da ake gwanjonsu a Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a 2017 da ta Ian a 2022.

Ruwa ma abin dubawa ne a nan gida. Na ce ruwan sama ba ya sa ta ja mutum, haka ne, wayoyin babbar wutar a rufe suke ruf, kuma da zarar motar ta ji wuta na zurarewa takan yanke ta da kanta. Sai dai yankewar tana nufin motar ta mutu a inda take. Batir a ƙasan kujera yake, kenan ruwan da ya shigo ya taɓa idon sawunka ya kusa kai masa. Motar fetur in ta sha ruwa sau da yawa a kan cire filogi, a canza baƙin mai, a shanya ta kwana biyu ta tashi. Wannan kuwa ko ta tashi, tsatsa na nan na cin mahaɗan wayoyi a ɓoye. Wanda ya ga yadda titunan Ikko suka koma kogi a ruwan farkon Yulin 2024, ko yadda ambaliyar 2022 ta datse hanyar Lokoja zuwa Abuja a Kotonkarfe, ya san ba labarin nesa nake yi ba. Tsayin jif na ruɗar direba ya ce bari in kutsa. Ni in na ga ruwa ya kai rabin taya juyawa nake, ko 'yan danfo za su yi ta yi min hon.

Sai maganar masu gyara. Ba na raina makanikanmu, mutanen da ke tayar da injin da Bature ya jefar. Amma wannan motar tana da wasu ƙa'idoji da ƙwarewa a Peugeot da Golf ba ta koyar da su. Kwamfuresan esinta na lantarki ne, babbar wuta ke shiga cikinsa, don haka man da ake zuba masa na musamman ne da ba ya ɗaukar wuta, ana kiransa ND-11. Wani maƙwabcinmu mai RX ya kai a ƙara masa gas a bakin titi, aka haɗa masa da man esi na gama-gari, bayan kwanaki motar ta ƙi tashi, sai da aka wanke layin gaba ɗaya aka canza kwamfuresa. Akwai kuma inbata a gaban motar, wadda ke sarrafa wutar tana ɗaga ta har bolt 650. Tana da nata ruwan sanyi daban da na lagireto, da nata ɗan famfon lantarki. In famfon ya tsaya ba a lura ba, inbata ta ƙone, kuma kuɗinta na gogayya da na batir. A 2011 da 2013 Toyota ya yi kiranyen waɗannan motoci a Amurka kan matsalar inbatar, yana da kyau a duba ko wadda za ka saya an yi mata gyaran kafin ta hau jirgi.

Akwai ma abin da ya fi kuɗi, wato rai. Duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo a motar nan babbar wuta ce, ba ta rewaya mai gwada waya da harshe ba ce. Akwai wani filogi da ake zarewa a jikin batir, da safar hannu ta roba, a kuma jira wasu mintuna kafin a taɓa komai. Sannan motar na iya zama a kunne tana shiru. In kalmar READY na haske a dashbod, injin zai iya tashi da kansa kowane lokaci, ko yaron gareji na kwance a ƙasa ya zare baƙin mai. Ni in na kai ta ko canjin mai ne, da hannuna nake kashe ta in sa makullin a aljihu in koma gefe.

Kada a ce na ɓata ta duka. Tun da muka same ta ba mu san matsalar kik ko altaneta ba, don babu su. Takalmin birki yana daɗewa ƙwarai saboda injin lantarki ke yin rabin aikin. Giyarta ba ta da tarkacen da ke cinyewa irin na otomatik da muka sani, man giyar kawai za ka kula ya zama irin nata. In ka ba ta mai mai kyau da iska mai sanyi, mota ce mai haƙuri, kuma duk ranar da na kai Baba Ikko na dawo allurar mai na nuna min dalilin sayenta. Kayan gyaranta ma ana samu a Ladipo, kuma masu gyaran da suka ƙware a kanta suna ƙaruwa a Ikko da Ibadan da Abuja. Ina ma samarin Sabo da ke zaman jiran a sauke tirela za su shiga koyon wannan aiki tun yanzu, don motocin ƙaruwa za su yi.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsakanin garuruwan. A ce ta tsaya maka tsakanin Jebba da Mokwa da la'asar, iyali na ciki. Ba a tura ta ta tashi. In ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya yi sanyi, wanda shi ke tayar da kwamfutocin, ana iya jona mata, amma in aka juya kan wayoyin an jawo wata sabuwar asarar. Ba a ɗaure ta da igiya a ja ta tafiya mai nisa, don tayoyin na juya injinan lantarki, sai dai a ɗora ta kacokan a kan janwe. In mai ya ƙare maka kuma ka ce bari in lallaɓa da batir zuwa gidan mai na gaba, kana iya zuƙe babban batirin har ya kasa tayar da inji, shi kuma ba a cajinsa da abin cajin mai faci. Tsohuwar Hilux ko Sienna ta fetur kuwa kowane ƙauye a hanyar nan akwai wanda zai iya lallaɓa ta ta kai ka gari.

Shi ya sa mu in Sallah ta zo a mota ta haya muke tafiya gida, ita a bar ta a Shagamu. Barinta ma da nasa sharaɗin, don motar nan ba ta son dogon zama, ƙaramin batirin kan zube cikin 'yan makonni, babban ma yana raguwa a hankali. Akwai ƙanina da ke tsaron rumfa, shi nake bar wa makulli. Duk mako zai kunna ta har READY ta fito, giya a kan P, ya bar ta minti 20 zuwa 30 a fili inda hayaƙi zai fita, ya kashe. Na kuma ja masa kunne a gaban Baba cewa ko waye ya zo neman a jona masa batir daga jikinta, ko tirelar goron wa ce ta ƙi tashi, ya ce makullin na Kano.